Kada a riƙa yi wa sankarar mama kallon kitse

Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon fili a wannan jarida tamu domin in yi magana da ma'aikatan lafiya da magidanta na Jihar Kebbi, har ma da maƙwabtanmu na Zamfara, a kan wata al'ada da ta zama jiki a ƙananan asibitocinmu. Za a yi wa mace aiki a cire mata ƙullutu daga nono, mai aikin ya juya shi a tasa, ya ga rawaya ne mai laushi, ya ce kitse ne, a ƙulle shi a leda a miƙa wa 'yan uwa su je su binne. Ni tsohuwar nas ce, kuma mafi yawan shekarun aikina a ɗakin tiyata na yi su. Magana ɗaya ce ta kawo ni: duk naman da aka yanko daga nonon mace, komai kyawunsa a ido, ɗakin gwajin nama ya kamata ya fara zuwa, ba rami ba.

Ba zan raina aikin wayar da kai da aka yi a jihar nan ba. Duk watan Oktoba ana tattaki, ana hira a rediyo, ana duba mata kyauta. Dakta Zainab Shinkafi Bagudu da gidauniyarta ta Medicaid sun yi shekaru suna kai maganar sankara kunnen jama'a, kuma a 2024 aka zaɓe ta shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da sankara ta duniya, UICC, karo na farko da wani daga Afirka ya taka wannan matsayi. Yanzu ko a gidan suna na zauna sai in ji wata tana lissafo alamomin da ka: ƙullutu mai tauri wanda ba ya motsi, fata ta lotsa, kan nono ya shige ciki, jini yana fita, kaluluwa a hammata. Duk gaskiya ne. Alamomin sankarar da ke tasowa daga hanyoyin ruwan nono ke nan, wadda likitoci ke kira kasinoma, kuma ita ce ta mamaye kusan duk lissafin. Cibiyar binciken sankara da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum 28,380 ne suka kamu da sankarar mama a Najeriya, 14,274 kuma suka rasu. Sai dai mata da yawa sun ƙarasa wa kansu saƙon da abin da ba a faɗa musu ba: in mai tauri ne abin tsoro, to mai laushi ba komai ba ne. Abin damuwar shi ne har wasu masu riƙe da wuƙar tiyata sun tafi a kan wannan fahimta.

Nono ba hanyoyin ruwa kaɗai ba ne. Akwai kitse, akwai tantanin da ke riƙe da shi, akwai jijiyoyin jini, kuma kowane ɗaya yana iya haifar da tasa sankarar. Waɗannan su ake kira sakoma, kuma duka-duka ba su kai ɗaya cikin 100 na sankarar da ake samu a nono ba. A cikin wannan ɗan kason ma, wadda ke fitowa daga ƙwayoyin kitse, wato liposakoma, 'yar ƙalilan ce. Likita yana iya yin aiki har ya yi ritaya bai taɓa ganinta a nono ba. Inda ta fi fitowa shi ne cinya da can ƙuryar ciki ta wajen ƙoda. An daɗe da saninta, domin tun 1857 masanin nan na Jamus, Rudolf Virchow, ya bayyana ta. Ba cin maiƙo ke kawo ta ba, ba ƙiba ba ce, ba shayarwa ba ce, ba kuma a ɗaukarta daga wani. Ta fi kama waɗanda suka manyanta, daga shekara 40 zuwa sama, kuma jefi-jefi akan same ta a ƙirjin namiji.

Ba tsoro na zo sa wa mata ba. Mafi yawan ƙullutai masu laushi da ke zamewa a ƙarƙashin yatsa ƙarin kitse ne na lafiya, wanda ake kira lipoma. Mutane suna tsufa da shi a kafaɗa ko a baya bai taɓa damunsu ba, kuma a al'adarsa ba ya rikiɗewa ya koma sankara. Matsalar tana wurin rarrabewa. Nau'in liposakoma mafi sauƙi, in aka ciro shi aka ajiye kusa da lipoma, ido ba ya iya cewa ga wannan ga wancan. Launi ɗaya, laushi ɗaya, ƙyalli ɗaya. Na tsaya gefen manyan likitoci masu furfura, ban taɓa jin wanda ya san aikinsa ya rantse a kan nama da ido ba. Abin da suke cewa shi ne, mu jira takarda.

Bari in ba da labarin Goggona, ƙanwar mahaifina, da izininta. Ta haura sittin, tana zaune a wani ƙauye da ke gefen Jega. Ta daɗe da jin wani abu a nononta na hagu, mai laushi, ba zafi, tana shafa masa man zafi in ta tuna. Da ya yi girman da har rigarta ta fara karkacewa gefe ɗaya, sai ɗanta, taubashina, ya kai ta wani asibitin kuɗi a wani gari. A ranar aka yi mata allurar kashe zafi aka cire. Ba hoto, ba gwaji. Labarin bai iso ni ba sai da na je gaisuwar Sallah, ta ɗaga mayafi ta nuna mini ɗinkin tana murna. Na ce, Goggo, ina abin da aka ciro? Ta ce, "Likita ya ce kitse na, ɗiyata. Mun turbuɗe shi can bayan madafa, an wuce wurin." Na tambayi takarda, sai taubashina ya ɗauko mini rasiɗin kuɗin aiki. Ita kaɗai aka ba su.

Kafin damina ta biyu ta zagayo abin ya dawo, a ƙarƙashin tabon, kuma wannan karon ba duka ne mai laushi ba. Gefe ɗaya yana lotsawa, ɗaya gefen ya yi tauri. Muka kama hanyar Tambuwal zuwa Sakkwato, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Likitar da ta fara ganinmu yarinya ce, sa'ar 'yata. Ta duba Goggo a tsanake, ta auna ƙullutun da tef, ta laluba hammata, ta zauna ta ɗauki biro, sannan ta ce, "Mama, ina sakamakon gwajin naman da aka cire da farko?" Goggo ta dube ni, ni na dubi taubashina, shi kuma ya sunkuyar da kai. Likitar ta ajiye biron. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce da wannan takarda tana hannu da tun yau ta san da me take yaƙi, amma yanzu sai an faro komai daga tushe, a kan nonon da wuƙa ta riga ta shiga ta dagula.

Yadda aka bi aka gano ciwon Goggo shi ne abin da nake so masu karatu su fahimta, domin kowane mataki yana da iyakarsa. An fara da sikanin, aka bi da hoton nono da ake kira mamogiram. A mamogiram, lipoma na gaskiya yakan fito baƙi-baƙi da siririn zagaye, saboda hasken yana ratsa kitse cikin sauƙi. Liposakoma kuwa ba ta da fuska ɗaya. Wani lokaci ta fito tamkar lipoma, wani lokaci ta fito fari mai santsin gefe, har a ɗauke ta ƙarin nan na lafiya da 'yan mata ke yawan samu. Hoton MRI ya fi su iya karanta kitse. Yana nuna ko kitsen zalla ne, ko kuwa akwai kaurara-kauraran tantani da suka ratsa shi, ko wasu dunƙule-dunƙule da ba kitse ba a ciki. A hoton Goggo an ga duka biyun. Amma hoto zargi kawai yake kawowa, ba ya yanke hukunci.

Sai allura. Iri biyu ce, kuma bambancinsu yana da muhimmanci. Akwai siririya da ake soka wa ƙullutu a zuƙo ɗan ruwa a shafa a gilashi. Tana da arha, tana da sauri, tana kuma da amfani a wasu cututtukan nono. A ƙarin kitse kuwa tana yaudara, domin abin da za ta zuƙo ɗigon mai ne da 'yan ƙwayoyin da ba su da laifi a gani, sai takarda ta fito a ce ba a ga komai ba. Ɗayar mai kauri ce, tana ciro zaren nama sukutum, yadda mai duba zai ga ƙwayoyin a zaune a mazauninsu. Ita aka yi wa Goggo, ana kallo da sikanin, aka ɗebo daga gefen mai laushi aka kuma ɗebo daga mai taurin. Wannan ma dabara ce, domin da daga wuri ɗaya aka ɗiba, mai yiwuwa a dace da ɓangaren da ya fi kama da lafiya.

Jama'a ba su san abin da ke faruwa da naman bayan ya bar hannunmu ba, shi ya sa suke ganin jiran ɓata lokaci ne. A ɗakin gwaji, likitan binciken nama zai auna shi, ya shafa tawada a bayansa domin a san iyakar inda wuƙa ta bi, ya yanka shi ya zaɓi wuraren da yake zargi. Za a tsotse ruwan da ke ciki da sinadarai, a dasa shi cikin kakin kyandir ya daskare, a sa a injin da ke feƙe shi siriri ƙwarai har haske yana ratsawa, a ɗora a gilashi, a rina shi da launi biyu, ja-ja da shuɗi. Sannan a sa a madubin likita. A lipoma, ƙwayoyin kitsen duk kansu ɗaya, kowace da ɗan ƙaramin idonta a gefe. A liposakoma za a ga wasu manya wasu ƙanana, a ga masu manyan idanu baƙaƙe sun ɓuya a cikin tantanin da ke tsakani, wani lokaci a ga 'ya'yan ƙwayoyin kitse da ɗigon mai ya danne musu ido ya lotsa shi. Aiki ne na haƙuri, domin a babban ƙullutu waɗannan ƙwayoyin suna iya zama 'yan kaɗan a warwatse. Akwai kuma abubuwan da ke kwaikwayonsu. Kitsen da ya mutu bayan bugu ko bayan tiyata yana iya rikita mai duba, kuma nonon Goggo an riga an yi masa tiyata.

Saboda haka likitan da ya duba nata bai tsaya a kan idonsa ba. Ya sa aka tura kakin wani ɗakin gwaji mai nisa domin a nemi wata alama a cikin ƙwayar halitta. Nau'o'i biyu na liposakoma suna ɗauke da wani sashe na ƙwayar gado mai suna MDM2 da ya ninka kansa fiye da ƙima, sau da yawa tare da ɗan uwansa CDK4, dukkansu a kan kuromosom na 12, wato ɗaya daga cikin zarurrukan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado. Lipoma ba shi da wannan. Gwajin da ake kira FISH shi ke nuna ninkin, kuma shi ne ke raba gardama in ido ya kasa. Ya ci kuɗi, ya ci makonni, taubashina sai da ya sayar da ragunan da yake kiwo domin Layya. Na Goggo ya fito da alamar.

A rabe-raben da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020, liposakoma iri biyar ce, kuma sanin irin shi ne rabin magani. Mai sauƙin, wadda ta fi kama da kitse, ba ta cika yaɗuwa zuwa wasu gaɓoɓi ba. Halinta shi ne dawowa inda aka cire ta matuƙar an bar ɓurɓushi. Haɗarinta kuma shi ne wani sashe nata yana iya juyewa ya koma nau'i na biyu, mai zafin girma, wanda ke iya bin jini ya tafi. Akwai mai yauƙi, wadda take da tata alamar ta daban a ƙwayar gado kuma take jin gashi sosai, wato ƙona ciwon da hasken inji. Akwai mai ƙwayoyi barkatai, wadda tana cikin mafiya muni, sai ta biyar da ta haɗa siffar waɗannan biyun kuma ta fi samun matasa. A nono akwai ƙarin wani ruɗani: wani ƙari da ake kira filodis, mai saurin girma, yana iya ɗauke da sashe mai kama da liposakoma a cikinsa, kuma wannan lissafinsa daban ne. Na Goggo ya fito mai sauƙin da wani ɓangarensa ya riga ya juye. Likitan tiyata ya gaya mana, ba tare da ya zagi kowa ba, cewa da an duba naman farko, da an koma an share gefen da kyau an ci gaba da sa ido, kuma mai yiwuwa da ba a kai ga abin da aka kai ba.

Abin da aka kai shi ne cire nonon gaba ɗaya. A sakoma, babban magani shi ne wuƙa ta zagaye ciwon ta haɗo da lafiyayyen nama ta kowane gefe, ba a fasa shi ba, ba a ɓare shi daga cikin jakarsa ba. Ɓarewar nan kuwa ita ce daidai yadda ake cire lipoma, shi ya sa aikin farko ya bar baya da ƙura. In ciwon ƙarami ne ana iya tsira da nono, in ya yi girma ko ya dawo, da wuya. Amma ba a taɓa hammatarta ba, kuma nan ma sunan ciwon ne ya cece ta. Kasinoma takan bi ta kaluluwar hammata, shi ya sa ake yawan kwashe su, abin da kan bar wasu mata da kumburin hannu na tsawon rai. Sakoma ba ta cika bin nan ba, jini take bi, kuma huhu take fara nema. Don haka hoton ƙirji na CT aka yi mata, aka ga huhun fes, alhamdu lillahi. Daga baya aka yi mata gashi, kasancewar Sakkwato tana cikin 'yan wuraren da ke da injin gashin sankara a ƙasar nan. Tana nan da ranta, tana zuwa a duba tabon da ƙirjin lokaci-lokaci, kuma za ta ci gaba da zuwa shekaru, domin wannan ciwo yana iya yin shiru ya daɗe kafin ya sake ɗago kai.

Tana kwance tana jinya wata maƙwabciya, da kyakkyawar niyya, ta kawo mata ragowar ƙwayoyin tamoxifen da 'yar uwarta ta bari, ta ce maganin sankarar mama ne. Maganin ne kuwa, amma na kasinomar da sinadarin jikin mace ke ciyarwa. Liposakoma ba ruwanta da wannan sinadari, ko shekara goma aka yi ana sha ba abin da zai yi mata, sai dai illar maganin ta hau mai sha. Ko ƙarin ruwan kemo, in ana bukatarsa, haɗin sakoma daban ne da na kasinoma. Duk wannan bambanci a kan takarda ɗaya ya rataya, takardar da ba za ta taɓa fitowa daga ramin bayan madafa ba.

Na san dalilin binnewar, kuma ba na yi masa kallon jahilci. An tarbiyyantar da mu a kan girmama jikin ɗan Adam. Muna binne mahaifa, muna binne abin da aka yanke, ba ma son wani sashe namu ya kwana a shara ko ya faɗa hannun da ba mu yarda da shi ba. Akwai kuma kunya: magidanci ba ya son a ce naman nonon matarsa ko na mahaifiyarsa yana yawo a motar haya. Ni ba malama ba ce, ba zan ba da fatawa ba. Roƙona ga malamanmu na masarautun Gwandu, Argungu, Yawuri da Zuru, da fastoci a inda suke, shi ne su zauna da likitoci su ji yadda aikin yake, sannan su yi wa jama'a bayani daga mumbari. Gwajin ba wulaƙanta nama ba ne, neman sanin cuta ne domin a ceci mai rai. Iyalin da ke son binne ragowar kuma su tambayi asibiti tun farko ko za a iya ba su bayan an gama. Kalma ɗaya daga limamin Juma'a ta fi takardun da muke mannawa a bangon asibiti isa gida.

Ga abokan aikina kuwa, musamman na manyan asibitocin ƙananan hukumomi da na kuɗi, ko an yarda a kai naman akwai inda muke kashe shi da hannunmu. Na sha ganin an yanke robar ƙarin ruwa, an jefa nama a ciki, an tsiyaya ruwan gishiri ko sifirit, an liƙe da filasta, an rubuta suna da biro, an ce wa ɗan uwa ya kai birni in ya samu hali. A zafin watan Afrilu na Kebbi, da ma'auni ke haura digiri 40, naman da ke cikin ruwan gishiri kafin ya kwana ya fara ruɓewa, kuma ruɓaɓɓen nama ba ya karantuwa. Abin da ake bukata ba shi da tsada: ruwan famalin, sinadarin da ke hana nama ruɓewa, mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, wanda yawansa ya ninka girman naman sau goma, a roba mai faɗin baki da murfi mai kyau, a sa naman ciki kafin awa ɗaya ta wuce. In ƙullutun babba ne a tsaga shi yadda ruwan zai ratsa, domin famalin a hankali yake shiga, in ba haka ba waje ya kamu ciki ya lalace. Kada a sa a firiza. Likita ya ɗaura zare ya nuna sama da gefe, ya rubuta shekarun mai ciwon, wane nono ne, tun yaushe, da ko an taɓa cirewa. Naman da aka yi wa haka zai taso daga Zuru ko Kamba ko Yawuri ya iso Birnin Kebbi lafiya lau.

Kuma tun kafin a kai ga wuƙa, akwai ƙullutun da bai kamata a taɓa shi a ƙaramin asibiti ba. Wanda ya haura santimita 5, wato ya kai girman ƙwan kaza, wanda ke ƙaruwa ana gani, wanda ya nutse can ciki, da wanda ya dawo bayan an cire: waɗannan a tura su gaba a yi hoto da allura mai kauri tukuna. Turawa ba gazawa ba ce. Haka wanzamai, ina girmama sana'arsu, amma nono ba wurin sakiya ko ƙaho ba ne.

Babbar ɓarakar a ganina ita ce ɗora wa 'yan uwa ɗawainiyar kai naman. Mutumin da ya gama biyan kuɗin aiki da na magani, aljihunsa ya bushe, an kuma ce masa kitse ne, me zai sa ya sake biyan mota da kuɗin gwaji? In daga yankin Danko-Wasagu yake, ko ƙauyukan Zamfara da hanya ba ta da aminci, ai maganar ta mutu a nan. Ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kebbi ta mayar da shi doka cewa kuɗin gwajin nama yana cikin kuɗin aiki tun farko, kuma asibitin da ya yi aikin shi ke da alhakin aikawa da karɓo sakamako. Mota ɗaya da za ta riƙa zagaya manyan asibitoci tana tattara robobin zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi ba ta fi ƙarfin jiha ba, mun ga ana yin irin haka da samfurin wasu cututtukan. Hukumar inshorar lafiya ta jihar, KECHEMA, ta duba yadda za ta ɗauke wa masu inshora wannan nauyi. Asibitin kuɗin da ba shi da tsarin aika nama kuwa, a hana shi yin aikin nono. Zamfara ma tana da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau, za ta iya yin nata tsarin. A tuna kuma cewa duk wani tallafin masu sankara, na gwamnati ne ko na gidauniya, takardar gwajin nama ake fara tambaya. Matar da aka binne nata ba ta cikin lissafin kowa, ba ta kuma cikin rajistar masu sankara da ake dogara da ita wajen tsara kasafi.

Magidanta da 'ya'ya maza, ku ne kuke sa hannu a takardar yarda. Kafin ku sa, ku tambayi likita cikin ladabi ina za a kai abin da za a ciro, da yaushe sakamako zai fito. Idan ya fito ku karɓi kwafi ku adana tare da takardun gona da na gida. Lambar da ke samansa ita ce lambar kakin da aka ajiye a ɗakin gwaji, kuma da ita za a iya nemo shi a sake dubawa, ko a tura wa wani masani, ko da bayan shekaru ne.

Edita, ina roƙon ka tura wakilinka na Birnin Kebbi da na Gusau su tambayi ma'aikatun lafiya na jihohin biyu: a cikin manyan asibitocin da ake tiyata, guda nawa ne suke da famalin a ɗakin aiki yau, kuma guda nawa ne suke da tsayayyar hanyar aika nama gwaji? Duk amsar da suka bayar, a buga mana ita mu karanta.

Wassalam.

Tsohuwar nas ta ɗakin tiyata,
Jega, Jihar Kebbi.